Iskar Gabas da Farin Allon Baba Dunoma

Baba Dunoma bai taɓa jin Indiyanci ba, ko kalma ɗaya, amma ya yi shekara da shekaru yana fassara wa mutanen Nguru finafinan Indiya, kuma ba a taɓa samun wanda ya koma gida bai gane labari ba. Matsala ɗaya ce tak. In wanda ya kalli fim ran Laraba ya haɗu da wanda ya kalle shi ran Asabar, sai musu ya kaure, don ran Laraba jarumar 'yar attajiri ce, ran Asabar kuwa ta koma 'yar mai gadin tasha. In aka tuhume shi sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "To ni mene ne nawa? Abin da suka faɗa ke nan yau."

Bamange ne, jinin Barebari, haifaffen Nguru, tun zamanin da jirgin ƙasa ke isowa garin ya juya don babu sauran dogo a gabansa. Mahaifinsa gadin sito yake yi, inda ake tara ƙaro da fatu kafin a loda su a tarago. An so Dunoma ya gaji aikin, sai warin fata ya kore shi, ƙarar injin sinima ta ja shi. Sinimar fili ce kawai da katanga, ba rufi, sai benci da tabarmi da sararin Allah. Da yagar tikiti ya fara, ya zo ya koyi ɗaura fim a inji, daga baya maigidan ya lura bakin nan ba ya gajiya, ya miƙa masa lasifika. A jirgi finafinan ke zuwa daga Kano, cikin wasu gwangwanaye masu faɗi kamar faifai. Ran da jirgi ya makara na jiya za a maimaita, Dunoma ya ɗinka masa sabon labari, mutane su fito suna cewa na yau ya fi.

A bakin ƙofar sinimar akwai wata budurwa 'yar Gashuwa mai suna Falmata, wadda ta zo zama wurin gwaggonta tana sayar da soyayyen kifi. Dunoma mai cika gari da lasifika, in ya zo gaban farantinta ko sannu sai ta gagare shi. Sai ya ɓullo ta inda ya iya. Aka wayi gari duk jarumar da ta fito a allo, ko rawa take a kan dutse ko kuka take a cikin ruwan sama, sunanta Falmata, jarumin kuwa kullum wani bawan Allah ne mai yagar tikiti. Gari ya ɗauka. Gwaggon ta aiko a gaya masa, ko ya turo manyansa, ko ya mayar wa 'yan Indiya sunayensu. Ya turo.

Da bidiyo ya shiga gidaje, sinima ta fara zama kango. Jirgin ma ya riƙa zuwa yau, gobe ya yi nauyin jiki, har aka daina sauraron kukansa. Maigidan ya rufe wurin, ya sallami Dunoma da tsohon injin. Shi ne suka tattaro komatsansu suka dawo Gashuwa, garin matar, suka sauka a unguwarmu.

Abin da ya fara kafawa a filinsa ba ɗaki ba ne. Iyali na kwana a rumfar zana, shi yana can yana haƙa ramin allo. Bututun ƙarfe uku ya samo, ya dasa su da siminti, ya jera musu shafaffen kwano layi huɗu, ya malale shi da farin fenti. Da aka gama sai ga abu ya fi kowane gida tsawo a unguwar, ga faɗi, amma kaurinsa bai wuce na murfin tukunya ba. A layin sama ya sa aka rubuta da jan fenti, GIDAN KALLON FALMATA. Ita Falmata ta ce kunya ba za ta bar ta zuwa rijiya ba. Ya ce ai an riga an sauke tsanin.

Dokoki biyu ya taho da su daga wurin maigidansa na Nguru, kuma ya riƙe su gam. Ta farko, allo gabas yake kallo, don rana ta faɗi ta bayansa, fuskarsa ta yi duhu da wuri a fara kallo. Ta biyu, a yanka masa ƙananan ramuka masu kamar jinjirin wata a gefe da gefe, irin waɗanda ake yi wa kyallen 'yan siyasa in za a rataya shi a titi. Duk wanda ya ce masa, "Mai majigi, iskar damina fa?" sai ya nuna ramukan da baki ya ce, "Na buɗe mata ƙofa. Me kuma za ta nema a wurina?"

An ci duniya a filin nan. Manoman fadama su taho daga Katuzu a kan kekuna, masunta su zo da ƙarnin kifinsu, Falmata na suya a ƙofa, maigidanta na sharara ƙarya a lasifika. Sannan abubuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Gidajen ƙwallo suka kwashe samari. Aka shiga shekarun dokar hana fita, ba mai leƙo ƙofa bayan magariba. Kafin a fita daga wannan, kowa ya sami sinimarsa a aljihu. Injin ya yi tari ya mutu, aka rasa mai gyara. Falmata ma ta kwanta, Allah ya karɓi abarsa. Allon ne kaɗai ya rage a tsaye, kuma duk kaka in an gama girbin shinkafa sai Baba Dunoma ya sa a shafe shi da sabon fenti, a bi jan rubutun nan harafi harafi, alhali ko inuwar ƙadangare ba a haskawa a kansa.

To, a bayan allon, katanga ɗaya ce tsakani, madafin Hajiya Suwaibatu yake. 'Yar Haɗeja ce, mijinta ɗan kasuwa ya rasu ya bar ta da sana'ar turara shinkafa, da muryar da in ta kira jikanta na wata unguwar ma sai ya amsa. Nan take wuni da tukwanenta da matan da ke taya ta. Iskar farkon daminar bara, wadda ta yaye kwanon gidaje da yawa a gari, ta sa allon ya yi ta gurnani yana sunkuyo wa madafin kamar mai shirin gaisuwa. Da gari ya lafa ta leƙo ta kan katanga.

"Mai majigi! Kana jina?"

"Ina jinki, Hajiya. Har Jajimaji ma suna jinki."

"Wannan dodon naka saura ƙiris ya sha miyata. Ka sauke shi tun muna shaida juna."

"Rusunawa ya yi miki. Tarbiyya ce."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Da zafin bana ya tsananta, hadari ya fara leƙowa, ta yafa mayafi ta tafi wurin Bulama, wato mai unguwarmu. Bulama ya kira su biyun, ya saurari kowa, ya yanke magana: kafin ruwan farko, ko dai a sauke allon, ko Baba Dunoma ya kawo wanda ya san aikin ya tabbatar ba zai faɗi ba.

Baba Dunoma ya fito daga zauren yana murmushi, har da yi wa Hajiya fatan sauka lafiya, don yana da abin da ya taka. Autarsa Zahra tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano tana karatun injiniya, kuma aikin da aka ba ta na kammalawa a kan allunan tallan bakin titi ne, yadda iska ke danna su. Tun da ya ji haka yake gaya wa mutane 'yarsa ta kama iska ta sa a kwamfuta. Abokinsa Yuguda mai shayi, Bafulatani, wanda wasan Fulani da Barebari ya haɗa su tun ba yau ba, ya ce, "Gado ta yi. Uban ma iska ya sayar har ya tsufa."

Da Zahra ta zo hutu, ko jakarta ba ta kwance ba ya jawo ta filin.

"Auta, ga aikinki ya same ki a gida. Ki tambayi na'urar nan taki, ta faɗa wa Bulama allona lafiyarsa ƙalau."

"Zan tambaye ta, Baba. Amma fa abin da ta faɗa shi zan faɗa."

"Ai shi nake so. Ni da na'ura ba mu taɓa saɓawa ba."

Ta kira Muktar mai walda, suka auna tsawo, suka auna faɗi, suka auna kaurin kwano da na bututu, har katanga da ɗakunan kewaye da madafin Hajiya. Da ta tsuguna a gindin bututun tsakiya ta kankare shi da wuƙa, sai tsatsa ta ɓanɓaro kamar ƙanzo. Baba Dunoma ya matso a hankali ya ɗora takalminsa a kai, yana duban sama kamar mai neman wata.

"Na riga na gani, Baba."

"Datti ne."

Ta zauna a zaure ta zana filin duka a kwamfuta. Ya tsaya a kanta yana kallon ƙaramin allonsa a ciki, da ƙafafunsa uku, har da ramukan.

"To yanzu ina iskar?"

"Ka san yadda ruwan kogi ke yi in ya tarar da kwalekwale a gicciye? Ya daki gefe, ya zagaya, ya yi ta juyi a bayansa. Iska ma haka take, ido ne dai ba ya ganinta. Kwamfuta za ta yayyanka iskar filin nan ƙananan akwatuna, dubbai a kan dubbai, in sako mata iska daga gabas, ita kuma ta bi akwati akwati tana lissafa inda ta nufa da ƙarfinta. Shi kwano ba shi da kauri, don haka sai an duba abin da ke tura shi ta gaba, a duba abin da ke jansa ta baya, a haɗa. Shi ne nauyin da ƙarafan nan ke ɗauka."

"Jansa ta baya? Wa ke bayan allona in ba Hajiya ba?"

Lissafin ba na yanzu-yanzu ba ne. Kwamfutar ta yi ta huci, ga zafin gari, ga wuta sai an kai caji shagon bakin titi. Baba Dunoma ya ɗauko mafici ya zauna yana yi mata fifita, ba 'yar ba, na'urar. Da Yuguda ya kawo shayi ya tarar da shi haka, ya ce, "Babarbare, toshi kake kai wa alƙali?" Ya ce a'a, baƙuwa ce, karramawa yake yi.

Da sakamako ya fito, fuskar allon a kwamfuta ta rine ja wur, bayansa kuma shuɗi mai duhu. Zahra ta yi ta danne-danne, sannan ta juyo.

"Baba, jan nan turi ne, shuɗin nan ja ne. In iska mai ƙarfi ta zo daga gabas, kamar a jingina wa allon nan buhunan shinkafa ashirin ne a lokaci guda, kuma yawancinsu can sama. Da bututun sababbi ne ma da ƙyar. Yadda gindinsu ya cinye ɗin nan, ba za su ɗauka ba."

"Iskar wane gari kika sa?"

"Daga ma'aunin masu duba yanayi na Nguru na samo, mafi ƙarfin da suka gani a shekarun baya."

"Nguru?" Ya dafe ƙirji. "Iskar Nguru ta san ni. Tare muka tashi. Ba za ta yi min haka ba."

"Kuma ka kafa shi yana kallon gabas sak, ta inda hadari ke tasowa. Ka tare mata hanya da faɗinsa duka."

"Haka ake kafa allo. Ramukan fa? Kin manta ramukan."

Ba ta manta ba. Ta nuna masa hoto biyu, ɗaya da ramuka, ɗaya babu. Ya sa tabarau, ya cire, ya kasa gane bambanci.

"Buhu ɗaya suka sauke maka, Baba. Da ƙyar ma."

"To a ƙara."

Ta ƙara, aka jira. Ya ce a kuma ƙarawa. Kafin nauyin ya sauko inda bututun za su iya, allon da ke cikin kwamfuta ya koma rariya. Ya dube shi ya kau da kai.

"Wannan lissafin naki tabbas ne?"

"Ƙiyasi ne. Zai iya ɗara haka kaɗan, zai iya gazawa kaɗan."

"Ƙiyasi! Ashe ma canki-canka ne."

"Ko na zubar da buhu biyar don ƙiyasi, sauran sun isa su kwantar da shi."

Ya leƙa waje ya tabbatar ba kowa, ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Auta, ke ce kike sako iskar nan da hannunki, ko ba haka ba? Rage mata gudu mana. Ɗan kaɗan. Wa zai sani?"

"Ta cikin kwamfuta zan iya rage wa gudu, Baba. Ta waje fa?"

"Sunan uwarki ne a sama."

Zahra ta sunkuyar da kai, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta taɓa kwamfutar ba. Shi kuma ya tashi ya shige ɗaki. 'Yan kwanakin da suka biyo, in ta kawo abinci ya ci, in ta gaishe shi ya amsa, daga nan ba ƙari. Unguwa ta yi tsit, har Hajiya ta aiko a tambaya ko mai majigi ba shi da lafiya ne.

Ana nan wata safiya ya same ta tana shara, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Bulama idonsa ya yi rauni, ba zai ga komai a wannan 'yar tagar taki ba. In dai za a nuna abin nan, a allona za a nuna shi." A ransa kuwa ya gama shirya abinsa. Hoto nata ne, amma baki nasa ne, kuma bai taɓa ganin hoton da bakinsa ya kasa juyawa ba.

Zahra ta aro ƙaramin majigi wurin wata ƙawarta da ke aiki a jami'ar garin, ɗan abu kamar kwalin sukari. Baba Dunoma ya juya shi a hannu ya ce injinsa na da ko tari ya yi ya fi wannan nauyi. Aka idar da magariba, aka tayar da janareta. Bulama kawai aka gayyata da Hajiya, amma labari ya zaga cewa za a haska allon Dunoma, sai ga fili ya cika. Tsofaffin da suka yi samartaka a wurin suka zo da jikoki, kowa na nuna inda yake zama a da. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa daidai inda kaskon Falmata yake, ta daɗe ba ta shigo ba.

Da hasken ya faɗa kan farin kwanon, wurin ya ɗauki sowa. Baba Dunoma ya tsaya a gefen dama, inda ya saba tsayawa, cikin babbar rigar da ba ya sa ta sai sallah. Lasifika ta daɗe da mutuwa, amma bai nemi wata ba.

"Jama'a, salamu alaikum! Yau fim ɗinmu na yaƙi ne. Ga jarumi nan a tsaye, dogo, fari, ƙafa uku, bai tare wa kowa komai ba."

"Ya tare wa Hajiya rana!" in ji Yuguda daga baya.

"A fitar da Bafulatanin nan, bai sayi tikiti ba."

Wasu zaruruwa masu launi suka kwararo daga gefe, suna tafiya kamar ruwa.

"Ga rundunar gabas nan ta taso! Ku dube su, ba sallama, ba gaisuwa. Sun iso. Sun daki jarumi, fuskarsa ta yi ja don fushi. Amma ku lura da kyau, ga ƙofofi nan an buɗe musu. Ga su nan suna shigewa ɗaya bayan ɗaya, suna cewa a gafarce mu, ba mu san gidan manya ba ne."

Mutane na ta dariya, har Bulama na gyaɗa kai. 'Yan zaruruwa biyu uku ne ke bi ta ramukan, sauran duk sun taru a fuskar allon, amma wa ke ƙirgawa? Zahra na zaune gaban kwamfuta ta haɗe rai. Ba ta katse shi ba. Hoton kawai ta juya, yadda ta tsara tun farko, aka koma kallon allon ta baya.

A bayan, zaruruwan sun haura ta sama, sun zagayo ta gefe, sun dunƙule suna juyi kamar ana tuƙa tuwo, bayan kwanon ya yi shuɗi har ya kusa baƙi. A ƙarƙashin juyin nan, dab da katanga, ga wani ɗan akwati fari.

Baba Dunoma ya buɗe baki ya ce, "Ga su nan sun..." sai ya tsaya. A 'yar tagar kwamfuta bai taɓa kula da akwatin nan ba. A nan kuwa ya kai girman ɗaki, har da ƙofarsa. Ya waiwaya wajen mata. Hajiya na zaune a tabarma, jikarta ta yi barci a cinyarta, matan da ke taya ta turara na kewaye da ita, duk sun ɗaga kai suna kallo.

"Mai majigi, fim ya tsinke ne?" in ji wani.

Ya yi gyaran murya. Muryar da ta fito ba ta lasifika ba ce.

"Wancan akwatin madafin Hajiya ne. Shuɗin nan kuwa, iskar ce ta zagayo tana jansa ta baya, ta gaba ana turi. Ramukan nan ba abin da suke yi." Ya juyo wajen mai unguwa. "Bulama, ranka ya daɗe, jarumin nan ba zai kai ƙarshen fim ba. Kuma a kan mutane zai faɗi."

Ba wanda ya yi dariya. Yuguda ma da ke da amsar kowace magana ya sunkuya yana gyara butarsa. Hajiya ce ta fara magana, ita ma a hankali, abin da unguwa ba ta taɓa ji ba.

"Ni fa ban ce a kai shi bola ba, Baban Zahra."

Sai Zahra ta ce akwai saura. Ashe kwanakin da uban ke fushi ba zama ta yi ba. Ta sako wani hoton: allon nan ne dai, amma an yanke ruɓaɓɓen gindin an sauko da shi ƙasa, an cire layi biyu na kwano, an tokare shi da ƙarafa ta baya. Ɗakunan gaba sun tare masa yawancin iskar, jan ya koma ruwan ɗorawa.

"Wannan zai tsaya," ta ce. "Ƙiyasi ne, Baba, amma na bar masa rara mai yawa."

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ai ko jarumi ya fito, sai dai a gan shi daga wuya zuwa gwiwa."

"Wane jarumin?" in ji Yuguda. "Rabon da a ga jarumi a nan tun haƙoranka na cike."

"Waɗanne layuka za a cire?" Baba Dunoma ya tambayi 'yarsa.

"Na sama ne suka fi shan iska."

"Na tsakiya za a cire. Na saman ya sauko ya zauna a kan na ƙasa."

Ta duba, ta ce in dai tsawon bai wuce haka ba, iska ba ta karatu, ba ruwanta da wane kwano ne a sama. Bulama ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, a yi fatiha.

Muktar ya zo da injin walda da mutanensa. Baba Dunoma bai taɓa ko ƙusa ba, amma bai bar su sun huta ba, musamman da aka zo sauko da layin rubutun. "A hankali! Kai, wannan ba ƙofar shago ba ce!" Da aka gama, ya fita titi ya tsaya inda ake hango allon a da. Katangarsa kawai ya gani da kan bishiyar darbejiya. Ya juya ya dawo gida. Kwanon da aka cire kuwa Hajiya ta aiko tana so za ta shanya tattasai, ya ce a gaya mata ba na sayarwa ba ne, sannan da yamma ya sa aka miƙa mata ta kan katanga.

Zahra ta koma makaranta kafin ruwa ya sauka. Hadarin farko ya taso da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta zo da ƙarfinta ta kwashe rumfar shayin Yuguda ta ajiye ta a gidan wani. Gajeren allon ya ɗan yi kaɗa-kaɗa, ya tsaya. Hajiya ko tukunya ba ta sauke ba.

Da aka ɗauke, Zahra ta bugo waya. "Baba, ya allon?"

"Wannan 'yar iskar? Da kin bar min dogona ma ko gezau ba zai yi ba. Kun dai taru ke da Hajiya da na'ura kun yi min taron dangi." Sai ya sassauta murya. "Auta, wancan fim ɗin na iska, na farkon, mai dogon allo. Ki turo min shi a waya."

Ta turo. Yanzu in ka bi ta gidan da yamma za ka same shi a filin, shi da Yuguda, suna musu a kan wanda ya fi wani asara a daminar bana. Dogon allon nan a da in rana ta karkata inuwarsa har bakin zaure take kaiwa, a shimfiɗa tabarma uku a ciki. Ta yanzu ba ta fi ta mutum biyu ba, su ma sai sun ja kujera har gindin kwanon sun naɗe ƙafafu. In baƙo ya zo, Yuguda ake tayarwa.